Kashi Nawa Gidanku Ke Ajiyewa Don Ritaya? Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin magidanta sun san albashinsu har lamba ta ƙarshe. Amma idan aka tambaye su kashi nawa ne ya tsaya a ajiye cikin abin da ya shigo gidan bara, amsar ba ta wuce "muna dai ɗan taɓawa". Tambayoyin nan su ne suka fi tasowa idan miji da mata suka zauna yin wannan lissafi. Lambobin da ke ciki na misali ne, ba a ɗaura su a kan kuɗin wata ƙasa ba, kowa sai ya sa nasa.

Mene ne kason ajiya, kuma yaya ake fitar da shi?

Shi ne rabon da ya tsira daga kashewa cikin duk abin da gida ya samu. A ɗauki jimillar abin da aka ajiye a shekara, a raba ta da jimillar kuɗin da ya shigo a shekarar, a ninka da 100. Gidan da ya samu 2,000,000 ya ajiye 200,000, kasonsa 10 ne cikin 100.

Rabawar ba ta da wuya, da waya ma an gama cikin minti ɗaya. Aikin yana wajen tantance abin da zai shiga lambar sama, wato ajiyar, da abin da zai shiga ta ƙasa, wato kuɗin shiga. A nan ne mutum kan yaudari kansa ba tare da ya yi niyya ba.

Me ya sa sai kaso? Adadin da muke ajiyewa duk wata bai isa ba?

Adadi shi kaɗai ba ya faɗin komai. Ajiyar 100,000 a wata babban ƙoƙari ne ga mai samun 300,000, amma ga mai samun 3,000,000 sakaci ne, domin rayuwar da ya saba da ita tsada gare ta, kuma ita zai so ya ci gaba da yi bayan ya ajiye aiki.

Kaso yana aiki biyu a lokaci guda. Idan ya ɗaga, abin da ke shiga asusu ya ƙaru, sannan abin da gidan ya saba rayuwa a kansa ya ragu, ke nan abin da ake bukatar tarawa ma ya ragu. A ɗauka ajiyar ba ta haifar da riba ko kaɗan, darajarta kuma ba ta faɗuwa. Mai ajiye kashi 10 yana rayuwa da kashi 90, don haka sai ya yi aikin shekara 9 kafin ya tara abin da zai riƙe shi shekara ɗaya. Mai ajiye kashi 20, aikin shekara 4 ne ke saya masa hutun shekara ɗaya. Mai ajiye rabi, duk shekarar aiki tana saya masa shekara guda.

Idan kuɗin na cikin jari, shekarun sukan taƙaita. A ce gida ya fara daga babu, jarinsa na kawo ribar kashi 5 a shekara bayan an cire hauhawar farashi, burinsa kuma ya tara ninki 25 na abin da yake kashewa a shekara. Mai ajiye kashi 10 na abin da ya rage bayan haraji zai kai a kusan shekara 51. Mai kashi 20, kusan 37. Mai kashi 30, shekara 28. Mai rabi, kusan 17. Ku dubi tazarar da ke tsakanin 10 da 20: shekara 14 na rayuwar mutum. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin duk gidan da zai riƙe lamba ɗaya tak game da kuɗinsa, to wannan ya kamata ya riƙe.

Za mu iya yin lissafin da wata ɗaya?

A'a. Wata ɗaya yakan yi ƙarya, ko ta alheri ko ta sharri. Akwai watan da kuɗin haya ko na makaranta ke faɗowa, akwai watan da ake biyan alawus. A ɗauki watanni 12 cif. Wanda samunsa ke hawa da sauka sosai daga shekara zuwa shekara, ya haɗa shekara 3 ya fitar da matsakaici.

A nuna mana cikakken misali.

Ga wani gida. Maigidan ma'aikaci ne, albashinsa na shekara kafin a cire komai 3,600,000. Ana cire masa harajin 360,000, ana kuma cire 180,000 zuwa asusun fanshonsa, wurin aikinsa na ƙara masa wani 180,000 a asusun. Abin da ke shigowa hannunsa ke nan 3,060,000. Uwargidan tana da sana'a, ribarta ta shekara bayan ta fitar da kuɗin kaya da duk wata ɗawainiyar sana'ar 1,200,000 ce. Duk wata suna tura 30,000 zuwa wani asusun jari, a shekara 360,000 ke nan. A tsakiyar shekara rufin gida ya lalace, suka ciro 120,000 daga asusun suka gyara.

Ajiyar gidan ita ce 180,000 na maigida, da 180,000 na wurin aiki, da 240,000 da suka rage a asusun jari bayan cirewar. Jimilla 600,000. Kuɗin shiga kuwa 3,600,000 ne, da 180,000 na wurin aiki, da 1,200,000 na uwargida, wato 4,980,000. Idan aka raba, kason ya kama 12 cikin 100. Idan aka fara cire harajin, lambar ƙasa ta koma 4,620,000, kason ya zama 13.

Yanzu ku ga yadda gidan nan zai iya ruɗin kansa. Idan maigida ya manta da cirewar da aka yi, ya ƙirga 720,000, sannan ya raba da abin da ke shigowa hannunsa shi kaɗai, zai samu kashi 23.5, ya kwanta da murna. Idan kuma uwargida ce ta yi lissafin ba ta sa fansho ba, ta raba 240,000 da 4,260,000 da suka shigo hannunsu su biyu, za ta samu 5.6, hankalinta ya tashi. Gida ɗaya ne, shekara ɗaya, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

To da wanne za a raba, albashin da ke rubuce a takarda ko wanda ya rage bayan haraji?

Duka biyun ana amfani da su, kowanne da inda ya fi dacewa. Yawancin shawarwarin da kamfanonin fansho ke bayarwa a kan albashi kafin haraji suke, don haka mai son auna kansa da su sai ya raba da wannan. Amma don tsara ritaya na fi son na bayan haraji, saboda haraji ba kuɗin da gida ke da zaɓi a kansa ba ne. Abin da ya rage bayansa gida biyu kawai yake zuwa: a kashe ko a ajiye. A misalin da ya gabata, 4,620,000 a cire 600,000 ya bar 4,020,000, kuma wannan shi ne ainihin abin da gidan ya ci a shekara, lambar da za a bukata idan an zo lissafin abin da ritaya za ta ci.

Duk wanda kuka zaɓa, ku rubuta shi a saman takardar, ku tsaya a kansa. Gidan da ya yi bana da ɗaya, baɗi da ɗayan, ba zai san ko gaba yake yi ko baya ba.

Kuɗin da wurin aiki ke zuba mini a fansho, nawa ne ko nasu?

Naka ne, ladan aikinka ne da aka biya ta wata hanya, don haka ya shiga lissafi. Sharaɗin shi ne ya shiga sama da ƙasa duka. Wanda ya sa shi a ajiya bai sa shi a kuɗin shiga ba, ya kumbura kasonsa.

Abu biyu za a bincika. Na farko, a wasu tsare-tsaren kuɗin ba ya zama mallakin ma'aikaci sai ya cika wasu shekaru a wurin, wanda ya tafi kafin nan ya bar wani ɓangare. Na biyu, abin da aka rubuta a takardar albashi an cire ba shi ne shaidar ya isa asusu ba. A nemi bayanin asusun fansho daga masu kula da shi aƙalla sau ɗaya a shekara, a ƙirga abin da ya shiga a zahiri.

Idan mun ajiye sannan muka ciro fa?

Abin da aka ciro aka kashe ya fita daga lissafi. Asusun da ake zubawa a farkon wata a kwashe a ƙarshensa kamar randa ce mai yoyo: ba yawan ruwan da aka zuba ake dubawa ba, wanda ya kwana a ciki ake dubawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki bayanan asusun na shekara, a tara duk abin da ya shiga daga aljihunku, a tara duk abin da ya fita, a cire na biyu daga na farko. Kuɗin da aka ɗauke daga wannan asusun ajiya aka mayar wancan ba shiga ba ne, ba fita ba ne, a tsallake shi.

Haka ma sabon bashi. Gidan da ya ajiye 300,000 amma ya ci bashin 200,000 don ɗawainiyar yau da kullum, ajiyarsa 100,000 ce. Wani lokaci amsar takan fito ƙasa da sifiri. Ba abin kunya ba ne, gara a gan shi a takarda tun ana da ƙarfin gyarawa.

Biyan bashi ajiya ne?

A nan masana kansu sun rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Abin da babu saɓani a kansa shi ne kuɗin ruwa da cajin da ke kan bashi kashewa ne, sun tafi ba za su dawo ba. Uwar kuɗin ce ake muhawara a kanta. Idan kana biyan 50,000 a wata na bashin sayen gida, 30,000 kuɗin ruwa, 20,000 uwar kuɗi, to wannan 20,000 yana ƙara maka mallaka a gidan, dukiyarka ta ƙaru da shi kamar yadda za ta ƙaru da ka sa shi a asusu.

Sai dai gidan da kake kwana a ciki ba zai ciyar da kai ba idan ka tsufa, sai in ka sayar ko ka ba da hayar wani ɓangare. Amfaninsa a ritaya ta wata ƙofa yake zuwa: ya ɗauke maka kuɗin haya, ke nan ya rage abin da za ka bukata. Shi ya sa shawarata a fitar da lamba biyu. Ɗaya ta ƙunshi uwar kuɗin bashin gida, ita ke nuna yadda dukiya ke ƙaruwa. Ɗayar ta tsaya a kan abin da za a iya cirowa a ci, ita ce ta ritaya.

Bashin da aka ci aka sayi abin da ya riga ya ƙare, ko abin da darajarsa ke zubewa kamar mota, ba na sa biyansa a lambar ritaya. Amma ranar da aka gama biyansa rana ce mai muhimmanci: gidan ya riga ya saba rayuwa ba tare da wannan kuɗin ba, don haka a juya shi zuwa ajiya a watan da ya biyo, kafin wata bukata ta same shi.

Ribar da jarinmu ya kawo tana shiga?

Ba ta shiga. Idan hannun jarin da kuka saya ya tashi da 400,000 a bana, kasuwa ce ta yi, ba ku ba, kuma baɗi tana iya karɓewa. Kason ajiya ma'aunin abin da hannunku ya yi ne. Kuɗin hayar wani gida da kuka mallaka daban yake: yana shigowa hannu, ana iya kashe shi, don haka ya shiga lambar ƙasa bayan an cire kuɗin gyara da haraji, abin da aka ajiye daga cikinsa kuma ya shiga ta sama.

Fili, zinari ko dabbobi da muka saya fa?

Suna shiga idan an saye su don ajiya, kuma ana iya sayar da su ranar bukata. A rubuta abin da aka biya, ba abin da ake jin sun kai yanzu ba. Kuɗin kula da su, kamar abincin dabbobi da magani, kashewa ne.

Muna tara kuɗin makarantar yara da na ko-ta-kwana. Su ma ajiyar ritaya ce?

Ajiya ce, amma ba ta ritaya ba. Kuɗin da aka san za a kashe shi nan da shekara biyu ko biyar kashewa ce da aka jinkirta. Wanda ya haɗa shi da na ritaya zai ga kaso mai kyau na wasu shekaru, sai ranar biya ta zo ya ga asusun ya koma inda ya fara.

Asusun ko-ta-kwana, wanda aka saba ba da shawarar ya kai ɗawainiyar wata 3 zuwa 6, shi ne ke tsare ajiyar ritaya daga taɓawa. Da gidan misalinmu yana da shi, da gyaran rufi bai ci 120,000 daga jarinsu ba. Don haka a fara gina shi, ko da kason ritaya zai yi ƙasa a shekarar farko.

Game da yara, na san iyaye da yawa suna kallon karatun 'ya'yansu a matsayin babban tanadinsu, kuma ban raina wannan ba. Amma ba a san abin da 'ya'ya za su samu ba, ga su kuma da nasu iyalin da za su ɗauka. Iyayen da suka tanadi wani abu na kansu sun sauƙaƙa wa 'ya'yan nan ne, taimakon da zai zo daga baya sai ya zama ƙari.

Ni ɗan kasuwa ne, ba ni da takardar albashi. Ta ina zan fara?

Ta raba kuɗin kasuwa da na gida. Muddin aljihu ɗaya ne, babu lissafin da zai fito. Cinikin da ka yi ba shi ne samunka ba, samunka shi ne abin da ya rage bayan kuɗin kaya, hayar shago, ladan yara da sufuri. Sake cika shago da kayan da aka sayar ba ajiya ba ce, juya uwar kuɗi ce.

Idan fitar da ribar ya yi wuya, akwai hanya ta baya. Rubuta abin da gida ya kashe a shekara, rubuta abin da ka fitar daga kasuwa ka ajiye a wani wuri dabam. Haɗa su biyun, shi ne lambar ƙasa. Wanda gidansa ya ci 1,700,000, ya ajiye 300,000, samunsa 2,000,000 ne, kasonsa 15.

Faɗaɗa kasuwar kanta, kamar buɗe shago na biyu, jari ne na gaske. Amma ina jan hankali a nan: sana'ar da ta dogara da ƙarfinka da sanayyarka, darajarta takan ragu ranar da ka daina zuwa. Mai sana'a ba shi da wurin aikin da zai ƙara masa komai a fansho, don haka shi ya fi kowa bukatar wani abu a wajen sana'ar, kuma kasonsa ya kamata ya ɗara na ma'aikaci.

Kowa da asusunsa a gidanmu. Dole ne mu haɗa?

Lissafin ake haɗawa, ba kuɗin ba. Kowa na iya riƙe dukiyarsa da sunansa, a zauna sau ɗaya a shekara a tara lambobin, tunda tukunya ɗaya za a ci idan an tsufa. Bayan an fitar da na gida, a duba ajiyar da sunan wa take. Sau da yawa fanshon duka yana kan mai albashi, wanda ke riƙe da gida ko ƙaramar sana'a ba shi da komai da sunansa. A kusan ko'ina a duniya mata sun fi maza tsawon rai a matsakaici, ke nan akwai yiwuwar uwargida ce za ta fi daɗewa tana cin wannan ajiya. A tabbatar an rubuta sunan magaji a kowane asusu, kuma kowa ya san inda takardun suke.

Kashi nawa ne ya isa?

Akwai lambobin da suka shahara. Kamfanin Fidelity na Amurka yana ba da shawarar kashi 15 na albashi kafin haraji, har da abin da wurin aiki ke ƙarawa, ga wanda ya fara yana ɗan shekara 25 zai kuma yi aiki har 67. Elizabeth Warren, farfesar shari'a a Amurka a lokacin, da 'yarta Amelia Warren Tyagi sun yaɗa wani tsari a 2005: rabin abin da ya rage bayan haraji ya tafi ga larura, kashi 30 ga abubuwan sha'awa, kashi 20 ga ajiya da rage bashi. Duka biyun an gina su ne a kan rayuwar Amurka, inda yawancin ma'aikata ke da wani fansho na gwamnati da zai ɗauki wani ɓangare na ɗawainiyarsu. Wanda ba shi da irin wannan, ko ya fara a makare, 15 ba za ta kai shi ba.

Gara gida ya fitar da tasa lambar. A fara da abin da ake ganin za a kashe a shekara bayan ritaya, da farashin yau. Wasu abubuwa za su ragu, kamar zirga-zirgar aiki da kuɗin makaranta, kuɗin asibiti kuwa yakan ƙaru. A cire duk wani kuɗi tabbatacce da zai riƙa shigowa, kamar fanshon da ake biya wata-wata har ƙarshen rai ko kuɗin haya. Abin da ya rage shi ne giɓin da ajiya za ta cike. A ce bukata 3,200,000 ce, tabbataccen shiga 1,200,000, giɓi 2,000,000. A ninka shi da 25, buri ya zama 50,000,000. A kula kada a ƙirga fansho sau biyu: idan an cire shi a matsayin kuɗin da zai riƙa shigowa, to gudummawar da ake zuba masa ba ta cikin abin da zai cike giɓin.

Sai a mayar da burin zuwa ajiyar shekara. Idan ribar jari bayan hauhawar farashi kashi 5 ce, ajiye adadi ɗaya duk shekara yana taruwa ya zama kusan ninki 121 a shekara 40, ninki 66 a shekara 30, ninki 33 a shekara 20. Idan kashi 3 ce, ninkin ya koma kusan 75, 48 da 27. Mai sauran shekara 30 da ribar kashi 5 zai raba 50,000,000 da 66, ya samu kusan 760,000 a shekara. Mai sauran shekara 20 zai bukaci kusan 1,500,000. A raba wannan da kuɗin shigar gida, kason da ake bukata ya fito, sai a ajiye shi kusa da kason da ake yi yanzu. Wanda ya riga ya tara wani abu, burinsa ya ragu da wannan da kuma ribar da zai haifa kafin lokacin.

Daga ina ninki 25 ɗin nan ya fito? Abin dogaro ne?

Daga binciken William Bengen ne, wani mai ba da shawara kan kuɗi a Amurka, wanda ya fito a 1994. Ya bi tarihin kasuwar hannun jari da takardun lamuni na ƙasar tun daga 1926, ya gano cewa wanda ya ciri kashi 4 na ajiyarsa a shekarar farko, sannan ya riƙa ƙara adadin daidai da hauhawar farashi, kuɗinsa bai ƙare ba cikin shekara 30 ko da ya yi ritaya a mafi munin lokaci. Kashi 4 shi ne ɗaya cikin 25. Wasu malamai uku na Jami'ar Trinity da ke Texas sun yi makamancin binciken a 1998, sakamakonsu ya zo kusa da nasa.

Amma tarihin ƙasa ɗaya ne, ƙasar da kasuwarta ta yi sa'a a ƙarnin da ya wuce. Da masanin tattalin arziki Wade Pfau ya gwada wannan ƙa'ida a 2010 a kan ƙasashe 17 masu ci gaban tattalin arziki, a yawancinsu kashi 4 bai tsira ba a munanan lokuta. Don haka 25 mafari ne. Wanda zai yi ritaya da wuri, ko yake inda farashi ba ya zama wuri ɗaya, ya yi lissafi da kashi 3, wato ninki 33.

Hauhawar farashi ba za ta rushe duk wannan lissafin ba?

Kason kansa ba ta taɓa shi, tunda rabo ne tsakanin kuɗi biyu na shekara ɗaya. Inda take shiga wuri biyu ne. Na farko, adadin da aka tsayar. Wanda ya ba banki umarnin cire 30,000 duk wata lokacin da yake samun 300,000, kashi 10 yake ajiyewa. Albashi ya koma 400,000, umarnin na nan yadda yake, ya sauko 7.5 bai sani ba.

Na biyu ya fi haɗari, shi ne inda aka ajiye kuɗin. A raba 72 da yawan hauhawar, za a samu kusan shekarun da farashi zai ninka: a kashi 3 shekara 24, a kashi 12 shekara 6 kacal. Asusun da ke ba da kashi 10 a lokacin da farashi ke tashi da 14, lambarsa na ƙaruwa, abin da zai iya saye na raguwa. Kaso mai kyau da aka zuba a wurin da bai kamo hauhawar farashi ba, rabin aiki ne.

Cajin masu kula da jari ma haka yake ci a ɓoye. Kashi 1 a shekara bai yi kama da komai ba, amma idan ya sauko da riba daga 5 zuwa 4, ninkin shekara 30 ya koma 56 daga 66, an rasa kusan kashi 15 na abin da za a tara.

Ba ma mu'amala da kuɗin ruwa. Lissafin zai canza?

Kason ajiya ba ruwansa da inda kuɗin ya tafi. Hannun jari na kamfanonin da aka tantance, sukuk (takardun jari masu bin tsarin Musulunci), gidan haya, duk suna shiga lambar sama kamar kowace ajiya. Abin da za a daidaita shi ne hasashen riba, a sa wanda ya dace da irin jarin da aka zaɓa, kuma a karkata ga ƙaramar lamba.

Mun yi lissafi, kason ya fito ƙasa ƙwarai. Me za mu yi?

Kada a yi tsalle daga 4 zuwa 20 a wata ɗaya, gidan zai gaji ya koma gidan jiya. Masana tattalin arziki Richard Thaler da Shlomo Benartzi sun gwada wata dabara a wani kamfani a Amurka: ma'aikata suka amince tun da wuri cewa duk lokacin da aka yi musu ƙarin albashi, kason ajiyarsu zai ɗaga. A rahoton da suka fitar a 2004, waɗanda suka shiga tsarin sun tashi daga matsakaicin kashi 3.5 zuwa 13.6 cikin wata 40. Dabarar ta ci ne saboda abin da ke shigowa hannu bai taɓa raguwa ba, ba wanda ya ji an ƙwace masa wani abu.

Gida na iya yi wa kansa haka. Rabin duk wani ƙari ya tafi ajiya, cirewar kuma ta kasance ranar da kuɗi ya shigo, ba ranar da wata ya ƙare ba. Idan za a rage kashewa, a fara duba manyan abubuwa, wurin zama, abin hawa da bashi, domin gyara ɗaya a nan ya fi ƙananan matsi ashirin. Wanda ya fara a makare yana da wata dama: ƙara shekara 2 ko 3 a aiki yana ƙara shekarun tarawa, yana kuma rage shekarun ci.

Akwai gidajen da samunsu bai wuce abinci da haya ba. Su ba laifinsu ba ne kason ya yi ƙasa, kuma babu dabarar lissafi da za ta maye gurbin ƙarin samu. Ko kashi 2 aka iya, a fara da shi a riƙe, a mayar da hankali ga abin da zai ɗaga lambar ƙasa.

Gado, kyauta ko garatuti da suka zo sau ɗaya fa?

A rubuta su a gefe. Idan aka zuba gadon 2,000,000 a lissafin shekara, kason zai yi tsalle bana ya faɗo baɗi, ba a koyi komai ba. Suna rage burin da ake bi, amma ba sa nuna halin gida. Alawus da ake samu kusan duk shekara kuwa albashi ne, ya shiga.

Sau nawa za a riƙa sake lissafin?

Sau ɗaya a shekara, a wata ɗaya da aka tsayar, da kuma duk lokacin da wani babban abu ya canza: sabon aiki, haihuwa, ƙarewar bashi, ko ɗayanku ya daina samu. A tanadi takardun albashi, bayanin asusun fansho, bayanan banki na wata 12 da jerin basussuka. A shafi ɗaya a rubuta shekara, kuɗin shiga, ajiya, kaso, da hanyar da aka bi, sannan a bar layi a ƙasa don na baɗi.